DUWATSUN FANISAU DA KOGWANNIN ƘASAR KANO: JAGORA GA MALAMAI DON ZIYARAR YINI GUDA

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Kano idan aka ce hutun Sallah, abin da yake fara zuwa zuciyar yaro shi ne kallon hawa, da yawon gaishe-gaishe, da zuwa Gidan Zu. Ba kasafai ake tuna cewa a bayan gari, tafiyar da ba ta kai sa'a guda a mota ba, akwai duwatsun da suka girmi ganuwa da fada da kasuwar Kurmi, waɗanda kuma tarihinmu ya fara a gindinsu.

A wani hutun Babbar Sallah na ɗauki jikokina uku, tare da wani maƙwabcina malamin firamare, muka tafi Fanisau da safe da niyyar dawowa kafin la'asar. Da muka shiga wani loko tsakanin manyan duwatsu biyu, sai babban cikin yaran, wanda yake ƙaramar sakandare, ya ɗaga kai ya ce, "Alhaji, ina ƙahonin dutsen nan da suke rataye a rufin kogo, irin na hoton littafinmu?" Na dubi malam, malam ya dube ni. Abin da muka iya ce masa kawai shi ne namu ba irin wancan ba ne. Yaron bai gamsu ba, kuma yana da gaskiya. Wannan tambaya ita ce asalin maƙalar nan. Za ta yi bayanin yadda kogo yake samuwa, da dalilin da ya sa namu ya bambanta da na littafi, da matsayin duwatsun nan a tarihi, sannan da yadda malami zai shirya irin wannan ziyara ya dawo da 'ya'yan mutane lafiya.

2.0 Kogon da Yake Cikin Littafi

Hoton da yaron ya gani na kogon dutsen farar ƙasa ne, wato irin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti. Masana ilimin ƙasa sun nuna cewa yawancin wannan dutse a ƙarƙashin teku ya samu, daga ɓawon halittun ruwa irin su katantanwa da suka mutu suka taru, suka danne juna tsawon miliyoyin shekaru har suka daskare.

Abin da ya keɓanta wannan dutse shi ne ruwa mai tsami yana narkar da shi. Ruwan sama idan yana saukowa, da kuma lokacin da yake ratsa ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye, yakan kwashi irin iskar da muke fitarwa wajen numfashi, sai ya yi ɗan tsamin da harshe ba ya ji. Wannan ruwa yakan bi tsagar dutsen yana cin gefenta kaɗan-kaɗan. Tsagar da a da allura ba za ta shiga ba sai ta zama rami, rami ya zama hanyar ruwa a ƙarƙashin ƙasa, daga ƙarshe idan ruwan ya koma ƙasa sosai sai a bar fili mai kama da zaure. A wasu wurare kuma kogi ne a sarari yake yanka dutsen har ya bar kwazazzabo mai zurfi, bangayensa a tsaye kamar an sare da wuƙa.

Su kuwa ƙahonin da suke rataye, ɗigon ruwa ne yake gina su. Kowane ɗigo yana ɗauke da ɗan narkakken dutse, idan ya tsaya a rufin kogo sai ya bar wani abu daga ciki kafin ya faɗi, inda ya faɗi ma ya bar saura. Ta haka ƙaho ɗaya yake saukowa daga sama, wani yana tasowa daga ƙasa, wani lokaci su haɗu su zama ginshiƙi. Aikin yana da matuƙar jinkiri, domin a wurare da yawa abin da yake ƙaruwa cikin shekara 1,000 bai wuce tsawon ɗan yatsa ba.

Misalan irin wannan suna da yawa a duniya. A Ingila akwai kwazazzabon Cheda mai zurfin mita 137, inda a 1903 aka tono ƙwarangwal ɗin wani mutum da ya rayu kimanin shekara 10,000 da suka wuce. A jihar Kentaki ta Amurka akwai kogon Mamot, wanda hanyoyin da aka auna a cikinsa sun haura kilomita 600. A Labanan, ƙasar kwarorin da muka daɗe muna zaune da su a Kano, akwai kogon Jeita a arewa da Bairut, wanda ake zagaya ɓangarensa na ƙasa a cikin kwalekwale.

A ƙasar Hausa, inda aka fi sanin dutsen farar ƙasa shi ne Kalambaina, kusa da Sakkwato. Bisa lissafin masana, teku ta taɓa rufe wannan yanki kimanin shekara miliyan 55 zuwa 60 da suka wuce, kuma har yau ana tsintar ɓawon halittun ruwa da suka zama dutse a wurin. Saboda wannan dutse ne aka kafa kamfanin siminti a can a 1962, ya fara aiki a 1967. Haka kuma akwai shi a Ashaka ta Jihar Gombe.

3.0 Kogon da Yake Ƙasarmu

Ƙasar Kano ba a kan farar ƙasa take zaune ba. Mafi yawanta tana kan tsohon dutse mai tauri ne, wanda a cikinsa akwai giranit, wato irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini, wanda kuma iyayenmu mata suke yin dutsen niƙa da shi. Wannan dutse daga narkakken dutsen cikin ƙasa ya samu, ya huce a hankali a can ƙasa fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce. Ruwan sama ba ya narkar da shi yadda yake narkar da farar ƙasa, don haka ba ya yin dogayen zauruka, ba ya kuma yin ƙahoni. Amsar tambayar jikana ke nan a taƙaice.

To, ta yaya namu kogon yake samuwa? Ta hanyoyi uku ne galibi.

Ta farko, giranit yana da tsagogi na tsaye da na kwance tun yana binne. Danshi yakan bi tsagogin nan ya ruɓar da gefensu su zama yumɓu da yashi, ya bar curin da bai ruɓe ba a tsakiya. Da zaizayar ƙasa ta kwashe ruɓaɓɓen, sai curarrun su bayyana a sarari, wani a kan wani, kamar an jera su da hannu. Filin da ya rage a tsakaninsu ko a ƙarƙashinsu shi muke kira kogo.

Ta biyu, dutse yakan yi ɓawo. Sauƙin nauyin da ya samu bayan ƙasar da ta danne shi ta tafi, tare da zafin rana da sanyin dare, sukan sa fatarsa ta ɗaga falle-falle kamar albasa. Idan babban falle ya zame ya jingina da wani dutse, sai a sami rumfa.

Ta uku, gindin dutse, inda danshi ya fi daɗewa, yakan fi samansa saurin cinyewa, sai saman ya zama kamar laima.

Alhazanmu da suka hau Dutsen Nur a Makka za su shaida cewa Kogon Hira ma manyan duwatsu ne da suka jingina da juna suka bar ɗan fili. Wato kogon da ya fi kowane kogo daraja a wurin Musulmi ya fi kama da namu a kan na littafi. Yana da kyau malami ya faɗa wa yara wannan, don kada su raina abin da yake gabansu.

Sai kuma a lura cewa Dala da Goron Dutse wani iri ne daban. Samansu marmara ce, wato jar ƙasa mai ƙarfe da ta ƙeƙashe ta zama hula, ta kare abin da yake ƙarƙashinta daga zaizaya yayin da ƙasar kewaye take raguwa. Tsayin Dala ya kai mita 534 daga doron teku. Tamar da take cikin irin wannan ƙasa ce ta jawo maƙeran farko, kuma binciken da aka yi a kan ragowar wurin narkar da tama a Dala ya nuna ana wannan sana'a tun ƙarni na 7 na Miladiyya.

4.0 Duwatsu a Tarihin Kano

Duk wanda ya karanta Kundin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, zai lura cewa mutanen farko da aka ambata kowa da dutsensa ko unguwarsa. Barbushe yana Dala, inda ake bautar Tsumburbura, a cikin manyan mutanensa kuma an ambaci Gambarjado a Fanisau, wanda aka ce ɗan Nisau ne. Da yake a Hausa "fa" na nufin shimfiɗaɗɗen dutse, wasu suna fassara sunan garin da dutsen Nisau. Wannan duk kafin zuwan Bagauda ne, wanda lissafin kundin ya sa farkon sarautarsa a 999.

Dalilin da ya sa mutane suka zauna a gindin duwatsu ba ɓoyayye ba ne. Daga sama ana hango maƙiyi tun yana nesa. A cikin kogo ana ɓoye mata da yara da hatsi. Ruwan da ya zubo daga dutse yakan taru a gindinsa, rijiya ba ta yin zurfi, kuma ƙasar wurin tana da albarka. Shi ya sa Santolo, ta ƙasar Dawakin Kudu, ta daɗe tana gagarar Kano, sai a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), lokacin da Wangarawa suka zo, aka ci ta.

Bayan jihadi, Fanisau ta sake samun muhimmanci. Sarkin Kano Ibrahim Dabo (1819 zuwa 1846) ya mayar da ita ribaɗi da sansani, saboda yaƙin da yake yi da Ɗan Tunku, wanda ya kafa Kazaure, yake kuma matsa wa arewacin Kano. A can Bature matafiyi Hugh Clapperton ya je ya gana da Sarki a 1824. Gidan Sarki na Fanisau yana nan, kuma daga wannan tarihi ne aka gaji Hawan Fanisau, wanda a al'ada ake yi a Babbar Sallah bayan Hawan Daushe da Hawan Nassarawa. Mu da muka kalli wannan hawa muna samari, a zamanin Marigayi Sarki Alhaji Ado Bayero (1963 zuwa 2014), a kan duwatsun nan muke tsayawa mu hango ƙurar dawaki tun daga nesa. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya.

Kogon da ya fi suna a tsohuwar Jihar Kano kuwa yana Birnin Kudu, wadda ta koma Jihar Jigawa a 1991. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu akwai zanen shanu a jikin dutse, waɗansu marasa tozo, alhali shanun da muka sani a yau masu tozo ne. A nan ne kuma Bernard Fagg, na hukumar kayan tarihi ta lokacin Turawa, ya yi nazari a 1955 a kan duwatsun kiɗa, wato falle-fallen dutsen da idan aka buga su da ɗan dutse suke amo kamar ƙararrawa. Wuraren suna ƙarƙashin kulawar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Makarantar da take da halin mota za ta iya zuwa ta dawo a yini guda idan ta yi sammako.

Wasu iyaye sukan ƙi barin 'ya'yansu zuwa irin waɗannan wurare, suna cewa matattarar iskoki ce da tsafi. Gaskiya ne an yi bauta a kan wasunsu kafin Musulunci ya kafu, kuma 'yan bori sun daɗe suna danganta su da iskoki. Amma zuwa neman tubarraki daban, zuwa neman sani daban. Alƙur'ani mai girma ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda ƙarshen mutanen da ya kasance. Idan malami ya yi wa iyaye wannan bayani tun da wuri, da wuya su hana.

5.0 Yadda Za a Shirya Ziyarar

Fanisau tana Ƙaramar Hukumar Ungogo, arewa da birni, can bayan filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Ga makarantun Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Gezawa, tafiya ce ta kusa. Ga abubuwan da ya kamata a kiyaye.

(a) Izini. A sami amincewar shugaban makaranta da ta iyaye a rubuce. Malami ya je wurin shi kaɗai kwana biyu ko uku kafin ranar, ya gaida dagaci ko mai unguwa, ya roƙi a haɗa shi da dattijon da ya san wurin. Baƙo ko da ido gare shi makaho ne.

(b) Gonakin mutane. Wannan yanki yana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma, kamar yadda Michael Mortimore ya nuna a binciken da ya yi a shekarun 1960. Ba a barin gona ta huta, da taki ake riƙe ta, kuma shuka takan kai har gindin dutse. A 2024 da 2025 Babbar Sallah ta faɗo a watan Yuni, daidai lokacin shuka. Ranar da muka je, wani tsoho da yake gyaran gonarsa ya tare mu cikin ladabi ya ce, "Alhaji, don Allah a bi da yaran nan ta kan iyaka, gero bai daɗe da tsirowa ba." Na ce, "To Baba, a yi mana afuwa." Yara 40 idan suka ratsa gona sau ɗaya, sun yi wa mai ita ɓarnar da ba zai faɗa ba amma ba zai manta ba.

(c) Lokaci. A isa da hantsi, a sauko kafin rana ta take, domin dutse yakan yi zafin da ba ya takuwa. Mafi dacewa shi ne daga kaka zuwa ƙarshen hunturu. Idan hadari ya haɗu a sauko nan take, saboda tsawa da santsi.

(d) Haɗurra. Kada yaro ya sa hannu a ramin da bai ga cikinsa ba, saboda maciji da kunama. A tambayi mutanen gari inda ƙudan zuma suke, a kauce musu, kuma kada a yi jifa ko hayaƙi. Kogon da yake warin kashin jemage kada a shiga, domin ƙurarsa tana iya jawo ciwon huhu. Mafi haɗari duka shi ne kududdufin da masu fasa dutse suka bari, wanda gefensa a tsaye yake, zurfinsa kuma ba ya ganuwa. A ƙirga yara kafin a hau da bayan an sauko, kowane babba ɗaya ya riƙe yara goma.

(e) Guzuri. Ruwa isasshe, da takalmin da ba ya zamewa, da tocila, da akwatin taimakon gaggawa, da littafi da fensir, da buhun kwashe leda.

6.0 Darasin da Za a Yi a Wurin

Kafin a tafi, malami ya sa ɓawon ƙwai ko na katantanwa a cikin ruwan lemon tsami a kofi ɗaya, ya sa tsakuwar gini a wani. Yara za su ga ƙananan kumfa suna tashi daga ɓawon, tsakuwar kuwa ko gezau. Wanda ya taɓa ganin an jefa kanwa a ruwan tsamiya ya san irin wannan kumfa. Da wannan ɗan gwaji an bayyana bambancin kogon littafi da namu.

A kan dutsen kuma, a sa yara su dubi ƙwayoyinsa da kyau, su rarrabe fari mai ƙyalli da ja-ja da baƙi. Su nemo tsaga su bi ta da ido, su nemo fallen da ya ɗaga, su nemo itacen da saiwarsa ta shiga tsaga tana buɗa ta. Idan an ga ƙananan ramuka masu santsi a kan fa, a tambayi dattijo ko wurin niƙa ne. Daga sama a nuna musu gabas da yamma, da inda birni yake, a tambaye su dalilin da zai sa sarki ya zaɓi nan ya yi sansani. Daga ƙarshe a zauna a inuwa dattijon ya ba da labari, yara su rubuta sunan kowane dutse kamar yadda ya faɗa. Idan aka tsinci katanga ko guntun tama, a zana shi a littafi a bar shi inda yake, domin abin tarihi idan ya bar wurinsa ya rasa rabin bayaninsa.

7.0 Barazanar da Take Fuskantar Duwatsun

Birni yana faɗaɗa, kuma kowane sabon gini da titi tsakuwa yake ci. A wani ƙauye na arewacin Kano, inda na yi aiki ina saurayi, akwai wani dutse mai rumfa da masu kiwo suke fakewa idan ruwa ya tare su, a gefensa kuma akwai fallen da yara suke bugawa yana amo. Da na koma bayan na yi ritaya, rami na tarar cike da koren ruwa. Babu wanda ya ɗauki hotonsa, babu wanda ya rubuta sunansa, ni ma da nake wucewa ta gabansa kullum ban yi ba.

Ba a cewa a daina fasa dutse, domin mutane da yawa da shi suke ciyar da iyali, kuma gini ba ya yiwuwa sai da shi. Abin da ake nema shi ne a tantance. Dutsen da yake da zane, ko amo, ko kufai, ko suna a tarihi, a keɓe shi, sauran a yi aiki da su bisa ƙa'ida. Tantancewa kuwa ba ta yiwuwa sai an san abin da ake da shi, kuma a nan ne malamai da dattawa suka fi kowa amfani. Bayan fasawa akwai rubuce-rubucen fenti da gawayi da samari suke yi a jikin dutse, da mayar da kogo makewayi ko juji.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa kogon farar ƙasa ruwa ne yake narkar da shi, namu na giranit kuwa tsagewa da ruɓewa da jinginar duwatsu ne suke samar da shi, kuma tun daga zamanin Barbushe har zuwa na Ibrahim Dabo duwatsun nan suna tsakiyar tarihin Kano. Shawarar da ake bayarwa ita ce kowace makaranta ta ɗauki dutse ɗaya mafi kusa da ita, ta ziyarce shi sau ɗaya a shekara, ta rubuta sunansa da inda yake da abin da dattawa suka ce a kansa, ta ajiye kwafi ɗaya, ta aika da ɗaya zuwa Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa. Dattawan da suka san waɗannan sunaye suna raguwa kowace shekara, don haka aikin na bana ne. Allah Ya sa mu dace, amin.